Taku Bakwai Ba Takalmi

An tsinci gawar Malam Salmanu ranar Talata bayan la'asar, cikin rumfar kara da ke bakin gonarsa ta auduga, tafiyar rabin sa'a daga Hillar Zakariya. Shekararsa sittin da takwas. Yana kwance rub da ciki a kan buzunsa, an sare shi sau ɗaya a ƙeya, fartanyar da aka yi aikin da ita tana yashe a gefe. Watan Nuwamba ne na 1972, auduga ta fara fure.

Kafin rana ta yi sanyi gari ya gama shari'arsa. Fartanyar ta Mati ce, ɗan ƙodagon marigayin, mutumin ƙasar Damagaram da ya taho a ƙafa zai je Makka, guzuri ya yanke masa a nan shekara biyu da suka wuce. Mutum biyu sun gan shi yana gudu a bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin. Aka kama shi cikin ciyawa, aka ɗaure, aka kai shi nukta, ƙaramin ofishin 'yan sandan yankin. Ba shi da kowa a garin, ba ya jin Larabci.

Uwaisu ya iso a kan jaki tare da Shawish Abdulmuttalib, sajan 'yan sanda, rana ta yi ja. Uwaisu ne mai bin sawu na nuktar, mutumin Mai Wurno, shekara ashirin da shida yana duba ƙasa a madadin hukuma. Sau ɗaya ya kalli gawar. Ya sa aka janye mutane, ya zagaya yamma da rumfar inda ƙafar 'yan kallo ba ta kai ba, ya tsuguna.

Baƙar laka ce, an shayar da ita kwana tara da suka wuce. Samanta ya bushe, cikinta da sauran danshi, duk abin da ya taka ta sai ta riƙe shi. Sawun Mati yana nan, faffaɗa, ba takalmi tun daga hanya. Ya shigo daga kudu yana tafiyarsa, ya tsaya nesa da buzun, ya juya da gudu. Bai kai ga ginshiƙin da ake jingine fartanya ba.

Akwai wani sawun da ya riga nasa. Takalmin taya ne, irin wanda rabin mazan garin ke sawa. Ya zo daga yamma, ya tsaya, aka ajiye takalman biyu kusa da juna. Daga nan ƙafa ce zalla, taku bakwai. A na bakwai mutumin ya tsuguna, yatsunsa sun nutse, ya daɗe a wurin, kuma bai fuskanci buzun kai tsaye ba, gefe ya bayar. Sannan ya miƙe, taku biyu zuwa ginshiƙi, ɗaya zuwa buzu. Ya koma ga takalmansa a tafe, ba gudu. A tafin ƙafar dama akwai tsohon tabo, layi ɗaya daga dunduniya zuwa tsakiya, ya fito a laka kamar an ja shi da tsinke.

"Me ka gani, Ammi Uwaisu?" in ji shawish ɗin. Da Larabci suke magana, Ammi kamar a ce baffa ne. Shawish ɗin mutumin arewacin ƙasar ne, wata takwas da kawo shi.

"Wanda ya kashe shi ya gaishe shi tukuna."

"Kowa ai yana gaisuwa."

"Baƙo ba ya cire takalmi a gona. Ɗa yana cirewa a bakin shimfiɗa. Wanda ke cirewa tun daga can, ya tsuguna ya kau da fuska, a wurinmu mutum ɗaya ne."

"Wa?"

Uwaisu ya karɓi tasa a hannun wani, ya kifa ta a kan sawun da tabon ya fi fitowa, ya ɗora dutse. Ya kira mai gadin ruwa ya tambaye shi yaushe za a sake wa wannan layin ruwa.

"Alhamis bayan azahar. Ba ni da ikon jinkirtawa, layin gona arba'in ne."

*

Suka bi takalmin taya ta kan gaɓar tur'a, ya sauka ta hanyar awaki, ya shiga gari ta bayan masallaci. Hasken da ya rage kaɗan ne, amma ya isa. Sawun ya tsaya a bakin zauren gidan Malam Salmanu. A ciki mata suna kuka.

Shawish ya ɗaga ƙafa zai taka dokin ƙofa. Uwaisu ya riƙe hannun rigarsa.

"Kana da takarda?"

"Wace takarda? Mun biyo shi har nan."

"Sawunsa muka biyo. Shi ba mu gan shi ba. Ka fi ni sanin karatun: sai da takardar alƙali, da shaidu biyu, a ba mata lokaci su kauce. Ko kuwa masu gida su ce bismilla."

"Kafin takarda ta zo ya ƙone takalman."

"Ƙafarsa fa?"

Shawish ya sauke ƙafarsa. Uwaisu ya ce masa maganar tabon ta tsaya tsakaninsu su biyu, domin in ta shiga gidan nan za a wayi gari mai ƙafar ya haye kogi.

Bai gaya masa sauran ba, amma duk mai shekara arba'in a yankin ya sani. A 1961 Uwaisu ya bi sawun ɓarawon shanu har ƙofar wani gida a Mai Wurno. Ya san gidan wane ne, kuma ya nuna. Shawish ɗin lokacin ya banke ƙofa ba sallama. Matar gidan tana wankan jego a tsakar gida, maza shida suka gan ta. Ɓarawon kuwa raɓawa kawai ya yi ta lungun bayan gidan ya wuce, Uwaisu ne ya yi gaggawa. Gidan wan Uwaisu ne, Abdussalami. Cikin mako guda ya kwashe iyalinsa ya koma Gadarif, har yau ko wasiƙa. Alƙali ya cire wa shawish ɗin igiya. Uwaisu ba wanda ya ce masa komai.

*

An binne Malam Salmanu da hantsin Laraba, bayan likita ya duba. Maza biyu ne ke zaune a gidansa ban da shi: Audi, ɗan ƙanensa da ya riƙa, da Gado, mijin 'yarsa Hadizatu. Dukansu suna maƙabarta. Gado ya tsaya a sahun baya sanye da markub, rufaffen takalmin fata, da aka zo salla ya zare ƙafa ya taka bisansa kamar yadda kowa ya yi. Ƙasar wurin tsakuwa ce. Ana gama addu'a ya ce jikinsa ba daɗi, ya shige gida.

A nukta, Mati yana zaune a ƙasa jingine da bango, ankwa a hannu.

"Me ya sa ka gudu?" in ji Uwaisu da Hausa.

"Baba, takardata ta mutu tun bara. Na ga jini, na ga fartanyata. Na ce wa zai ji ni?"

"Ka taɓa shi?"

"Ko kusa ban je ba. Shi ya ce in je in toshe ruwa a ƙarshen gona, in dawo mu ci abinci." Ya ɗago kai. "An ba jakinsa ruwa kuwa?"

Hafsan nuktar ya saurari Uwaisu a tsaye, yana neman hularsa. Ya ce yana da makami, yana da mai makamin, yana da shaidu biyu da suka ga gudu. Ya yarda ya rubuta wa alƙali a Sinja neman takardar bincike, amma alƙalin yana rangadi, sai Asabar. Mati kuwa ba za a riƙe shi a ɗakin da ba shi da ƙofar kirki ba, mutanen gari suna zagaye wurin. Lori zai ɗauke shi gobe da la'asar.

"In ya je can da wannan fartanya, rataye shi za a yi," in ji Uwaisu.

"Kawo mini ƙafa, ya Hajj. Ba zan aika wa alƙali labarin gaisuwa ba."

Uwaisu ya fito ya tsaya a rana. Ruwa gobe bayan azahar, lori da la'asar, takarda ranar Asabar.

*

Mutum huɗu suka gaya masa abu ɗaya ba tare da ya tambaya ba: in ba takarin nan Mati ba ne, to a dubi Audi. Ranar Litinin an ji shi yana ɗaga wa baffansa murya a zaure. Uwaisu ya same shi a bakin masallaci yana alwalar azahar, ya zauna kusa da shi ya jawo buta.

"An ce kun yi faɗa da Malam."

"Mun yi, Baba Uwaisu. Allah shi gafarta mini." Idonsa ya kumbura. "Cewa ya yi Laraba za mu tahi wurin mufattish mai duba gonaki a sa sunana a hawashar, ya'ani gonar ta koma hannuna tun yana raye. Na ce ban so. Ni lori nika so, wani a Madani ya ce zai koya mini tuƙi. Ya ce gonar da ubansa ya sha wuya kafin a yarda Bahaushe shi riƙe irinta ba ta fita daga jininsu. Na ce to ba ni ba. Khalas, shi ke nan faɗan."

"Wa ke wurin?"

"Gado."

"Me ya ce?"

Audi ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Gado shi yi magana gaban Baffa? Shekara goma sha uku yana noma gonar nan, ban taɓa jin ya kira sunansa ba. Ko shayi bai taɓa sha gabansa ba. Yana tsugune bakin ƙofa har muka gama."

Ya ɗaga ƙafar dama ya wanke, ya murza dunduniya da yatsa. Tafin sumul yake, sai faso. Uwaisu ya gama alwalarsa suka shiga salla.

*

Bayan la'asar shi da shawish suka zagaya gidan. Babban gida ne, gabansa ginin laka, sauran darnin karan dawa da ya fi tsayin mutum. Shawish ya tsaya a bakin zaure ya yi kiran Gado sau uku. Muryar mace ta amsa daga ciki cewa zazzaɓi ya kwantar da shi, ba ya iya tashi.

A bayan gida akwai juji. Uwaisu ya ce wannan na kowa ne, abin da aka zubar ya bar gida. Suka tona da sanda: toka, kashin awaki, fasasshen tulu. Ba taya, ba ƙaurin taya.

Gaba kaɗan garken awaki ne, an kewaye shi da ƙaya, jikinsa haɗe da darni, da wata 'yar ƙofa da ke shiga ciki.

"Wannan ai ba gida ba ne," in ji shawish. "Gidan awaki ne. In na tsaya can ina ganin tsakar gida."

"Wa ke tatsar awakin?"

"Mata, ina tsammani."

"Da mayafi suke fitowa tatsa?"

Shawish ya dube shi.

"Duk inda matar gida za ta taka ba mayafi, gida ne, ko rufi babu. Ni dai haka na fahimci abin. Na fahimce shi a makare."

Akwai darbejiya a kan hanya, reshenta ɗaya ya leƙa cikin gidan. Shawish ya daɗe yana kallonta. Ya ce itacen ai a titi yake. Uwaisu ya ce gindinsa ne a titi, idon da zai hau kuwa a tsakar gida zai sauka.

"Ammi Uwaisu, mutum zai mutu saboda kara da ƙaya."

"Na sani."

"To?"

"In ka shiga yau saboda ka tabbata, gobe wani zai shiga saboda ya tabbata. Ni ma na tabbata a wancan karon." Ya karkaɗe rigarsa. "Jira ni a bakin masallaci."

*

Sashen Inna Mero, matar marigayin, yana gabas, darninsa a kan wani siririn lungu. Ta shiga takaba, ba za ta fito ba, namiji baƙo ba zai ga fuskarta ba sai bayan wata huɗu da kwana goma. Uwaisu ya tsaya a lungun, ya juya wa darnin gefe, ya yi sallama. Sai a ta uku aka amsa.

"Allah ya jiƙan Malam, ya ba ku haƙuri."

"Amin. Wa ke magana?"

"Uwaisu ne, na nukta."

"Ƙanen Abdussalami." Ba tambaya ta yi ba.

"Shi ne."

"To ka san amsar abin da ka zo nema."

"Ban zo neman shiga ba, Inna."

Ya ji ƙarar tasbaha, ɗaya bayan ɗaya.

"Bawan Allah wanga da kuka ɗaure," in ji ta, "Malam da hannunsa yake raba tuwo da shi."

"Gobe da la'asar za a kai shi Sinja. In ya tafi ba zai dawo ba."

Tasbahar ta tsaya. Can cikin gida wani yaro yana kuka, ana lallashinsa.

"Ɗiyata guda ce, Malam Uwaisu. 'Ya'yanta huɗu."

"Na sani."

"Mi kaka so in ce?"

"Ba na so ki ce komai. An aika wa Alhaji Mahmudu?" Wan marigayin ke nan, yana Mai Wurno.

"An aika da labari. Ya tsufa, aka ce shi zauna, su za su je mishi."

"Sadakar uku ba ta yin kyau babu babban wa. Kuma na ga ƙofar gidanku ta yi ƙura, ga baƙi za su zauna. Da an share an yayyafa ruwa."



"An saba," in ji ta.

Ya ji motsin tabarma, sannan takunta yana nisa. Bai san abin da ta yanke ba. Ya koma ya gaya wa shawish ya nemi izini a biyo da Mati ta nan gobe da safe, tunda a mararrabar garin lori ke tsayawa.

*

Da hantsin Alhamis ya tarar an share ƙofar gidan tun daga zaure har gindin darbejiya, faɗin da ba a saba sharewa ba, an yayyafa ruwa har ƙasar ta yi duhu. An shimfiɗa tabarmi dama da hagu, aka bar tsakiya fili. A ƙarƙashin itacen, nesa da ƙofa, an ajiye gadon igiya, Alhaji Mahmudu yana zaune a kai da sandarsa. Audi ne ya je ya ɗauko shi da motar farko. Ya ce Inna ce ta sa shi.

Mutane sun kai ɗari. Kowa ta gefe yake zagayowa ya cire takalmi a bakin tabarma. Shawish ya zaunar da Mati can ƙarshe, ɗan sanda ɗaya a kansa. Aka fara gunaguni, wani ya ce kawo wannan nan cin fuska ne. Liman ya ɗaga hannu, aka yi shiru, aka yi addu'a, aka fara raba waina.

Alhaji Mahmudu ya dubi dama ya dubi hagu.

"Ina mijin Hadizatu?"

"Ba shi da lafiya, Baffa," in ji Audi.

"Ni da shekara tamanin da huɗu na hau mota tun asuba. A ce mishi ina nan."

Audi ya shiga. Ya fito shi kaɗai. Sannan aka ji muryar Inna Mero daga bayan zaure, ba da ƙarfi ba, amma ta kai.

"Gado, uban matarka na kira."

Ya fito. Dogon mutum ne, kafaɗunsa na manomi, bargo a wuya, markub a ƙafa. Ya tsaya a kan dokin ƙofa. Ya ga shawish, ya ga Mati, ya ga Uwaisu zaune a bakin tabarma yana cin waina. Ya ga jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya sauko.

Uwaisu bai ɗaga kai ba, ƙafafun kawai yake kallo. Takalmin ya yi taku huɗu, biyar, shida. Daga nan ya rage gudu. Tsohon yana zaune hannu biyu a kan sanda, kamarsu ɗaya da marigayin, har wajen ɗaga haɓa. Mutum ɗari suna kallo. Babu wanda ya taɓa ganin suruki ya isa gaban uban matarsa da takalmi a garin nan.

Gado ya tsaya. Ya zare ƙafar hagu, ya zare ta dama, ya jera takalman kusa da juna. Ya yi taku bakwai. Ya tsuguna ya ba da gefe, ya sunkuyar da kai.

"Baba, ya haƙuri."

Ko ya gane abin da yake yi ko ƙafarsa ce ta yi masa, Uwaisu bai taɓa sani ba. Ya juye sauran wainar a kan ganye, ya miƙe da kwanon, ya je taku na huɗu inda ƙafar dama ta zauna sosai. Layin yana nan, daga dunduniya zuwa tsakiya. Ya kira liman da mai unguwa, ya nuna musu, ya karya kara daidai tsawon sawun, ya ba liman ya riƙe. Sannan ya kifa kwanon.

Shawish ya riga ya koma ya tsaya tsakanin Gado da zaure, ƙafafunsa biyu a titi.

"Mi ke nan?" in ji Alhaji Mahmudu.

"Akwai irin wannan a gonar ƙanenka, Alhaji, taku ɗaya daga buzunsa. Na rufe shi tun Talata."

Gado bai tashi ba, bai kuma ɗago ba. Da ya yi magana, da ƙasa yake yi.

"Na gaishe shi. Na ce Baba a duba, shekara goma sha uku. Na ce tunda Audi bai so. Ya ce bare bare ne ko ya haifa maka jikoki. Ya juya ya ɗauki buta." Ya haɗiye yawu. "Fartanyar tana nan jingine."

Ba wanda ya yi salati. Cikin gida wani abu ya faɗi, kamar ƙwarya, ya yi ta juyi a ƙasa har ya tsaya.

*

Sun isa gonar an idar da azahar: Uwaisu, shawish, liman, mai unguwa. Mai gadin ruwa ya riga ya buɗe babbar ƙofa, ruwan yana tahowa a hankali ta kwarin farko yana tura busasshen ganye a gabansa. Uwaisu ya ɗauke dutsen, ya ɗaga tasar. Liman ya ɗora karan, ya zauna daidai. Mai unguwa ya tsuguna ya bi layin da ido, ya ce ya gani. Shawish ya rubuta, su biyun suka dangwala yatsa. Suna tsaye ruwan ya iso, ya cika dunduniyar, ya cika yatsun, gefen ya rufta.

Lorin la'asar Gado ya ɗauka. Da aka cire wa Mati ankwa bai tashi ba, ya daɗe yana kallon wuyan hannunsa. Sannan ya tambayi Uwaisu ko za a ba shi fartanyarsa, don bayan ruwa ciyawa takan taso. Uwaisu ya ce masa fartanyar za ta je kotu.

Takardar alƙali ta iso ranar Asabar da hantsi, da hatimi da sa hannu. Hafsan ya ce a je a ɗauko takalman taya, za a buƙace su a shari'a. Shawish ya saka takardar a aljihun gaba, ya nemo shaidu biyu, suka tafi. A hanya yana ta maimaita yadda za a yi: sallama sau uku, a karanta takarda, a ba mata lokaci.

An sake share ƙofar gidan, wannan karon ba ruwa. Ƙofar zaure a rufe take. A gabanta, ta wajen titi, tazarar tafin hannu daga dokin ƙofa, an jera takalman taya biyu kusa da juna, baƙar laka ta bushe a jikinsu.

Shawish ya zaro takardar, ya dube ta, ya dubi ƙofar. Ya ninke ta ya mayar aljihu, ya sunkuya ya ɗauki takalman.

Uwaisu ya matsa ya yi sallama. Ya jira. A ciki ana daka, aka tsaya, aka ci gaba. Bai sake ta biyu ba. Ya juya ya bi bayan shawish.